Ɗan Jaridar da Bai Taɓa Faɗin Ƙarya Ba

Ya 'yan uwa masu girma, ku ara mini kunnuwanku da zukatanku. An taɓa yin wani mutum a wani gari, wanda Allah ya hore wa murya irin wadda ba a cika samu ba. Murya ce mai kauri, mai natsuwa. Idan ta fito daga rediyo, mai shara takan tsaya da tsintsiya a hannu, direba ya ce wa fasinjoji su yi shiru. Shi ke karanta labaran safe a gidan rediyon garin, kuma da yake da muryarsa jama'a ke tashi su kama harkokinsu, sai suka laƙaba masa Ƙararrawa. Laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa na yanka.

Ba shi da gona, ba shi da shago. Dukiyarsa a duniya guda ɗaya ce: idan ya faɗi magana, ana yarda. Da ita yake ci, da ita ake girmama shi, kuma ita ce wannan labari zai nuna muku yadda ya zubar.

Gidan rediyon da yake aiki kuwa abin alfahari ne. Ba na hukuma ba ne, ba kuma na wata jam'iyya ba. Yana saman wani bene, bisa shagunan teloli da masu gyaran waya, ana hawansa ta wata matakala mai ƙunci wadda mutum biyu ba sa jerawa a kanta. A sama akwai ɗakin labarai, da dogon tebur da gindin kofunan shayi suka yi wa zane, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Daga can ƙurya sai ɗakin watsa shiri, an manne bangonsa da soso don kada hayaniyar titi ta shiga. A bisa ƙofarsa akwai wata 'yar jar fitila. Idan ta kama, to gari na saurare, ko tari ba a yi.

Mai riƙe da gidan wani dattijo ne da ma'aikata ke kira Baba Edita. Yana ɗingishi, tun daga wani zamani da aka tsare shi saboda ya ƙi janye rahoton da ya taɓa manya. Ya fito da ƙafa a lalace, da zuciya lafiya lau. Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: duk mutumin da za a ambata da laifi, sai an neme shi an ji ta bakinsa. Kowace safiya, idan an kawo masa labari, tambayarsa ba ta canzawa: "Ka ji ta bakinsa?"

Ma'aikata har tsokanarsa suke yi. Wata rana mai haɗa sauti ya ce, "Baba, yau akuya ta cinye wa mai kanti kaya. Mu nemo ta ita ma?"

Dattijon bai ko ɗago kai ba ya ce, "In tana da lambar waya, ku kira ta."

Ya 'yan uwa, wannan doka ba ƙirƙirar 'yan jarida ba ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa alƙali ba ya yanke hukunci sai ya zaunar da mai ƙara da wanda ake ƙara, ya saurari kowa. Mai riƙe da makirfo kuwa alƙali ne da ke zama a kowane ɗaki a lokaci guda, hukuncinsa na isa kunnen mutane kafin wanda aka yi wa shi ya farka daga barci.

To, kogi ne ya raba wannan gari gida biyu, gada ta haɗa shi. Nan akwai tsohon gari, inda iyaye da kakanni suka zauna. Can kuma akwai tsallake, inda baƙi suka sauka suka yi gidaje, har suka haifi 'ya'ya da jikoki, amma ba a daina kiransu baƙi ba. Ba a faɗa a fili, sai dai kowa na lura da abin da aka yi wa ɗaya ɓangaren. Ƙararrawa ɗan tsohon gari ne, kuma son unguwarsu ya cika masa zuciya har bai bar wa adalci wurin zama ba.

Kada ku zaci toshiyar baki yake karɓa. Da kuɗi ne da abin ya zo da sauƙi, domin mai cin hanci ya san saɓo yake yi, wata rana yana iya tuba. Wannan kuwa gani yake yi hidima yake wa mutanensa. Idan ya ratsa kasuwar tsohon gari, aka ɗaga masa hannu ana cewa, "Namu, bakinmu," sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe, tafiyarsa ta canza.

Ga yadda yake aikinsa. Idan ɓarawo ɗan tsallake ne, sai ya faɗi unguwarsu har da layinsu. Idan ɗan tsohon gari ne, sai ya zama "wani matashi". Alherin nasa yakan sa shi a farkon labarai, ya karanta shi a tsanake. Alherin waɗancan yakan tura shi can ƙarshe, bayan farashin kaya, ya ratsa shi da sauri kamar mai tsallake kwata. Idan an ɗauko muryoyin jama'a, yakan zaɓi mai hankalin cikin nasa, ya haɗa shi da mafi wautar cikin nasu. Duk da haka, da za ka ɗauki kalmominsa ɗaya bayan ɗaya ka auna, ba za ka sami ta ƙarya ba. Wannan shi ne abin tinƙahonsa. Yakan bugi ƙirji ya ce, "Tun da na fara aikin nan, ban taɓa faɗin ƙarya ba. Wanda ya kama ni da guda ɗaya, na ajiye makirfo."

Dokar Baba Edita fa? Ai ya samo mata dabara. Ya san lokutan mutane. Idan shugaban makarantar tsallake zai taɓa, sai ya kira shi daidai lokacin da yake tsaye gaban ɗalibai a taron safe. Idan shugaban 'yan kasuwarsu ne, sai ya bari an tayar da salla. Waya ta fara ƙara, kafin ta yi nisa ya katse. Sannan ya shiga ɗakin watsa shiri, jar fitila ta kama, ya ce da muryar nan tasa mai sanyaya zuciya, "Duk ƙoƙarin da muka yi na jin ta bakinsa ya ci tura."

Mai haɗa sauti ya sha ganin haka ta gilashi. Yakan ce masa, "Ƙararrawa, wannan kira ne ko tsokana?"

Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Farali na sauke, ɗan uwa. Cewa aka yi a nema, ba a ce a yi roƙo ba."

Sai su yi dariya tare. Ku lura, ya 'yan uwa, yadda saɓo ke shigowa cikin rigar wasa, har a saba da shi a daina ganin muninsa.

Mutumin nan yana da yaya mace, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta yi masa wanka, ita ta raka shi makaranta, ita ta sayar da ɗan abin da take da shi ya yi karatu. Tana zaune a tsakiyar tsohon gari da 'ya'yanta, ƙaramarsu wata yarinya mai surutu, wadda kan ɗauki cokali ta kai baki tana kwaikwayon kawunta. Rediyon Yaya na kan taga kullum. Idan maƙwabta suka yi gardama kan wani labari, maganarta ɗaya ce: "Ƙanena ya faɗa." Daga nan an rufe zance.

A layin gidanta ne ƙungiyar tsohon gari ta haƙa rijiyar burtsatse, ta ɗora mata babban tanki a kan ƙarafa, aka yi masa fenti, aka jera famfuna a ƙasa. Da gumin mutanen unguwa aka yi shi, ba da taimakon kowa ba, kuma sun cancanci su yi alfahari da shi. Ƙararrawa ne ma ya gabatar da taron buɗe shi.

Ana nan, sai shugabar asibitin garin ta lura da wani abu. Likita ce ƙwararriya, 'yar tsallake. Ta ga yara na zuwa da amai da gudawa, kuma duk daga layi ɗaya. Ta sa aka ɗebo ruwan tankin aka gwada, aka tarar wata magudanar ƙazanta da ta fashe a ƙarƙashin ƙasa tana tsiyaya cikin rijiyar. Nan take ta tura jami'an duba-gari suka sa wa famfunan kwaɗo, suka bi gida-gida suna cewa a tafasa ruwa, aka kuma fara kawo wa unguwar ruwa a mota kafin a yi gyara.

Ruwan mota bai wadatar ba. Layi ya yi tsawo, tsofaffi suka gaji da tsayuwa, rai ya fara ɓaci. Shugabannin ƙungiya suka zo wa Ƙararrawa da kuka: "Tankinmu kaɗai aka gani? Na tsallake fa, nawa aka rufe?"

A makon nan kuwa ƙafar Baba Edita ta tashi, yana kwance a gida, ta waya ake karanta masa jerin labarai. Ɗakin labarai na hannun Ƙararrawa. Wakiliyar gidan mai bin harkokin lafiya ta same shi a gefen tebur ta ce, "Yallaɓai, na ji a asibiti an ce an gwada ruwan nan, an sami ƙazanta. Ka bari in je in tabbatar."

Ya dube ta ya ce, "'An ce' ba labari ba ne, ƙanwata. Ba haka Baba ya koya mana ba?"

Ta janye maganar, domin shi ne babba. Dubi yadda ya ɗauki dokar da aka kafa don kare gaskiya ya toshe bakin gaskiya da ita.

Duk wanda ya san asibitin nan ya san safiyar Laraba likitar na ɗakin tiyata, wayarta na ajiye tare da kayanta a waje. Ƙararrawa ya sani sarai, don ya taɓa zaman jiranta a ranar. Safiyar Laraba ya zaɓa. Ya danna lambarta, ta fara ƙara, ya katse. Ya kira Baba Edita ya karanta masa labarin. Dattijon ya tambaya daga kan gadonsa, "Ka ji ta bakinta?"

"Na neme ta, Baba, ba ta ɗaga ba."

"To, ka faɗi haka, kuma ka ci gaba da nemanta."

Jar fitila ta kama. Ya ce an rufe tankin da mutanen tsohon gari suka gina da guminsu, kuma gaskiya ne. Ya ce a tsallake akwai tankuna da yawa, ba a taɓa ko ɗaya ba, kuma gaskiya ne. Ya ce wadda ta ba da umarnin 'yar tsallake ce, wannan ma gaskiya ne. Ya saka muryar wata tsohuwa tana haki, tana cewa tun safe take tsaye da bokiti. Sannan ya sassauta murya ya ce duk ƙoƙarin jin ta bakin likitar ya ci tura. Gwajin ruwa bai fito daga bakinsa ba. Yaran da ke kwance a asibiti ba su fito daga bakinsa ba.

Me mai sauraro zai fahimta, ya 'yan uwa? Wane gini aka yi masa a zuciya da waɗannan tubala na gaskiya?

Kafin azahar samari sun fasa kwaɗon. Suka kori jami'an duba-gari, suka tsaya gadin famfunan, mata na guɗa, ruwa na zuba a bokitai. Daga baya ma wasu suka jefi motar likitar a bakin gada, tana hanyar komawa gida. Tun kafin nan, da ta fito daga tiyata ta ji abin da ya faru, ta kira Ƙararrawa, ta sake kira. Ya dubi sunanta a fuskar wayar, ya kifa ta a kan tebur. Ta aiko da bayani gidan rediyon, ya ce za a duba. A yammacin ranar nan, da ya ratsa kasuwa, ɗaga shi ne kawai ba a yi ba. Bai taɓa jin kansa da girma kamar ranar ba.

Yaya kuwa, tun ranar da duba-gari suka zo take tafasa ruwa, duk da tsadar gawayi. Da ta ji ƙaninta, sai ta sauke tukunya, ta aika a ɗebo na famfo.

Ba a yi mako ba ɗakin yara na asibiti ya cika, har aka shimfiɗa wasu a baranda. Cikin waɗanda aka kawo akwai autar Yaya, idanunta sun faɗa, fatarta ta saki. Likitar nan da aka jefa ita ta durƙusa a gabanta tana neman jijiya don ƙarin ruwa, ba ta tambayi daga wane ɓangaren kogi aka kawo ta ba. Ta yi iyakar abin da Allah ya ba ta iko. Da yawa sun tashi. Yarinyar ba ta tashi ba, ita da wasu yara biyu na layin. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Ajali ba ya gaba, ba ya baya, wannan haka yake. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke hannun wanda ya zama sanadi ba.

Safiyar da Baba Edita ya dawo aiki yana dogara sanda, likitar ta hawo matakalar nan da farar rigarta, idanunta jajur don rashin hutu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ban zo neman haƙƙina ba. Har yanzu ana shan ruwan nan. Ni na faɗa ba a ji ba. Muryar da ta buɗe famfon ita kaɗai za ta iya rufe shi." Sannan ta gaya masa lokacin da aka kira ta, da yadda ta yi ta kira ba a ɗaga ba.

Dattijon ya juya ya dubi ma'aikatansa. Wakiliyar lafiya ta faɗi abin da ta gaya wa Ƙararrawa da amsar da ya ba ta. Mai haɗa sauti ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba yau ya fara ba. Muna gani, muna dariya."

Nan da nan Baba Edita ya sa aka katse shirin da ake yi, ya zaunar da likitar gaban makirfo ta yi wa gari bayanin ruwan da bakinta. Ya kuma sanar cewa washegari da safe gidan zai faɗi yadda aka yi wannan labari ya fita a karkace, da wanda ya karkatar da shi.

Sai matsi ya taso masa ta fuska biyu. Dattawan tsohon gari suka hawo da manyan riguna suka ce, "Ɗanmu ne, kuma yana cikin makoki. A rufa masa asiri." Ya tarbe su da girmamawa, ya ce, "Rufin asiri na laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Wannan a kunnen gari aka yi shi. Idan ban faɗi yadda aka yaudari mutane ba, rabinsu za su ce an matsa mana ne muka juya magana, su koma famfo."

Bayan fitarsu wani babban jami'in hukuma ya bugo waya. Ya ce ga abin da sakin baki ke haifarwa, don haka daga yau a riƙa kawo labarai ofishinsa a duba kafin a watsa, in ba haka ba a rufe gidan. Baba Edita ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarnar da aka yi da makirfo, da makirfo za mu gyara ta, a gaban kowa. Kuma tun da ka kira, ka taimaka ka turo mana wanda zai amsa tambaya kan magudanar nan, domin mun ji mutanen layin sun daɗe suna kai kuka ofishinku ba a gyara ba. Muna son jin ta bakinku." Jami'in ya ajiye waya.

Ina ma a ce kowane gari na da dattijo irin wannan. Bai sayar da gaskiya don farin jinin jama'a ba, bai kuma miƙa wuyanta ga mai mulki ba.

Saura mutum ɗaya da ba a ji ta bakinsa ba. Ƙararrawa ya kulle kansa a gida, ya kashe waya. Dattijon bai ce ƙoƙari ya ci tura ba. Ya hau mota da ƙafarsa mai ciwo, ya je ƙofar gidan, ya zauna a kan benci cikin rana. Matar gidan ta leƙo ta ce maigida ba ya jin daɗi. Ya ce, "Ba komai, 'yata, ni ma ba na jin daɗi. Zan jira." Ya jira har mutumin ya ji kunya ya fito.

"Gobe zan ambace ka da laifi," in ji dattijon. "Kujerarka na nan, makirfonka na nan. Ka zo ka faɗi naka, ba wanda zai katse ka."

Ya 'yan uwa, wannan ƙofar tuba ce aka buɗe masa har bango. Da ya shiga ya ce, "Na zalunci wannan baiwar Allah, na yaudare ku, ku yafe mini," da wataƙila labarin nan ya ƙare a wani wuri dabam. Washegari ya zo, amma girman kai ya raka shi har cikin ɗakin watsa shiri. A ransa yana cewa: muryata ce suka sani, da na yi magana za su dawo gare ni.

Jar fitila ta kama. Ya yi magana mai tsawo, mai daɗi. Ya bi labarinsa jumla bayan jumla yana tambaya, "Wannan ƙarya ce? Ba a rufe tankin ba? Ba 'yar tsallake ba ce? Ban kira ta ba?" Ya rufe da cewa, "Ni ban taɓa faɗin ƙarya ba."

Baba Edita ya bar shi har ya gama. Sannan ya ce a hankali, "Tambaya ɗaya gare ni, ɗana, kuma Allah na jin mu. Lokacin da ka kira ta, ka san tana ɗakin tiyata?"

Ƙararrawa ya buɗe baki. Idan ya ce bai sani ba, ya faɗi ƙaryar da yake tinƙahon bai taɓa faɗa ba, ga kuma abokan aikinsa na kallonsa ta gilashi. Idan ya ce ya sani, ya rushe kansa da kansa. Harshen da bai taɓa sarƙewa ba ya yi nauyi.

A aikin rediyo ba abin da ake gudu kamar shiru. Da an yi ɗan jim ba magana, mai haɗa sauti zai cike gurbin da kiɗa ko talla, wannan shi ne abin da aka fara koya masa. Hannunsa ya tafi kan maɓalli. Baba Edita ya ɗaga masa tafin hannu, ya girgiza kai. Aka bar shirun ya fita. Ya shiga shaguna, ya shiga motoci, ya shiga ɗakunan tsohon gari da na tsallake. Ba a jin komai sai numfashin mutum ɗaya. Wasu suka jijjiga rediyonsu suna zaton batir ne ya mutu. Da suka gane, sai suka ajiye shi a hankali.

Bayan haka dattijon ya nemi gafarar likitar da ta jama'a da sunan gidan gaba ɗaya, ya ce laifin bai tsaya kan mutum ɗaya ba, har da shi da bai bincika ba. A ranar samarin da suka fasa kwaɗo su suka sayo sabo. Gidan rediyon ya bi maganar magudanar kullum, yana gayyatar hukuma tana ƙin zuwa, har ta gaji ta zo, ta kuma gyara. Aka wanke rijiyar, aka sake gwadawa, likitar ta sha kofin farko a gaban mutanen layin. Ba a rufe gidan ba. Masu sauraronsa ma ƙaruwa suka yi, domin mutane sun ga gidan da ke iya faɗin laifin kansa.

Ƙararrawa kuwa ya sauko daga matakalar nan, bai sake hawa ba. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi kotu. Ya nemi aiki a wasu gidajen, aka ce za a neme shi. Waɗanda ke ce masa "bakinmu" suka koma sauya hanya idan sun hango shi. Ya wayi gari idan ya faɗi ko farashin kaya ne, sai an tambayi wani.

Da ƙyar ya iya zuwa gidan yayarsa. Ya same ta zaune a tsakar gida, ta rame. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, wallahi ban nufi haka ba. Ki duba duk abin da na faɗa, babu ƙarya a ciki."

Ta ɗago ta dube shi. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta ce, "Ni ban yi karatun da ka yi ba, ƙanena, ban iya rarrabe kalmomi ba. Ni dai ƙarya na ji, kuma da muryarka ta shigo gidan nan." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ya 'yan uwa, wannan mata ta yi hukuncin da malami zai yi. Gaskiya ba ita ce kowace kalma ta tsaya daidai ba. Gaskiya ita ce abin da ka bari a zuciyar mai sauraronka ya dace da abin da ka sani. Wanda ya ɓoye rabin shaida, ya ƙawata rabin, ya yi shaidar zur ko da bai furta harafin ƙarya ba. Ubangijinmu ya hore mu da kada ƙin wasu mutane ya sa mu kauce wa adalci a kansu, ya kuma umarce mu da tsayar da shaida ko da a kan kanmu ne da danginmu. Wanda ya yi wa doka dabara ya tsere wa edita, ta ina zai tsere wa Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa?

Kada kuma wani ya ce maganin wannan shi ne a ɗaure bakin 'yan jarida. Wa ya tona karkatar? Wa ya tilasta aka gyara magudanar? Gidan jarida ne mai 'yanci, a hannun mai tsoron Allah. Da labaran na bi ta ofishin jami'in nan, da laifin ofishinsa bai taɓa fitowa ba. Aikin jarida amana ce mai daraja, kuma masu riƙe ta da gaskiya, waɗanda ke zama a benci cikin rana don su ji ta bakin wanda za su zarga, sun cancanci mu girmama su, mu tsaya musu, mu sa su a addu'a.

Mu kuma masu sauraro, mu binciki kanmu. Wa ya kumbura Ƙararrawa in ba masu tafa masa ba? Muna son mai gaya mana abin da ya faru ne, ko mai gaya mana cewa mu ne masu kirki, waɗancan su ne miyagu? Yau kuma kowannenmu na da makirfo a aljihunsa. Kafin ka tura labarin wani, ka ji ta bakinsa? Ka neme shi don ya amsa, ko don ka ce ka nema?

Ya Allah, ka tsarkake harsunanmu daga karkata, da zukatanmu daga son kai da ƙabilanci. Ka ƙarfafi masu faɗin gaskiya a duk inda suke, ka kare su daga sharrin mai mulki da ruɗin masu tafi. Ka jiƙan yaran da suka rasu, ka ba iyayensu haƙuri, ka buɗe wa mai laifi ƙofar tuba tun yana da numfashi. Allah ya kiyaye mu daga gaskiyar da ake gina ƙarya da ita, ya sa mu cika da imani. Amin.